Kofunanka Sittin da Huɗu Suna Nan, Na Wanke Su

Zuwa ga Mai Girma Babban Shugaba, mai kamfanin da ke yin fararen kofunan kumfa, wanda ban san sunansa ba amma na san kayansa, can babban birni ko duk inda yake zaune.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata da injinanka baki ɗaya.

Sunana Gobnait Lavelle, matar marigayi Manus Lavelle, gida na ƙarshe kafin maƙabarta a nan tsibirin Inishdarra. Shekarata tamanin da shida. Ban iya rubutu ba. Hunturu ɗaya na yi a makaranta aka sa ni a jirgi zuwa tsintar dankali a Scotland, can kuwa ba a tambayar mutum ko ya iya karatu, buhu nawa ya cika ake tambaya. Wadda ke rubuta maka wannan maƙwabciyata ce, Attracta Gaughan, da ta yi shekara talatin da ɗaya tana riƙe da gidan wayar tsibirin nan. Na ce ta rubuta yadda na faɗa. In ka ga wata kalma mai tsawo, tata ce.

Ka yi haƙuri da muka bi ta jarida. Na juya kofinka na duba gindinsa, ba adireshi, sai wani ɗan zane mai kusurwa uku da lamba shida a ciki. Na yi shekara da shekaru ina zaton lambar gidanka ce. Attracta ta ce a'a, wai nau'in robar ke nan. To, tunda ba mu san gidan ba, mun ce bari mu faɗa a bainar jama'a, wataƙila wani ya san ka ya kai maka.

Ga abin da ke tafe da ni, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kofunanka suna gidana, guda sittin da huɗu, yau shekara goma sha ɗaya. Na wanke su. Ba ka zo ka ɗauka ba.

Na san kai mutum ne mai harkoki, don haka bari in tuna maka yadda ake yi, ko da yake na tabbata mahaifiyarka ta koya maka. In an yi mutuwa a gida, ba gidan da ke da kofunan da za su ishi jama'a. Sai kowace mace ta kawo nata na tangaran a kwando, kowanne da zaren ulu ɗaure a mariƙinsa. Gidan Barrett ja. Gidan Gaughan shuɗi. Namu ruwan ɗorawa. Gidan Monaghan kore, ko da yake har yau su da gidan Keane ba su daidaita a kan wa ya fara ɗaura koren ba. In an yi jana'iza an watse, kofunan su zauna a gidan mamaci. Sai masu su su riƙa zuwa ɗauka.

Kuma ba a kwashewa rana ɗaya, ranka ya daɗe. Wannan rashin tarbiyya ne. Mace ta shigo, a dafa shayi, ta zauna, a zagi yanayi, a taɓa maganar mamacin kaɗan, sai ta ɗauki kofi ɗaya ta sa a aljihun riga ta ce, "Sauran sai wani zuwan, hannuna a cike yake." Hannunta kuwa ba komai a ciki, kowa na gani. Lokacin da surukata ta rasu, sai da aka yi wata huɗu kafin kofi na ƙarshe ya fita daga gidan nan. Bernadette Barrett sau biyar ta zo a kan kofi guda, shi ma mai tsaga.

Da Manus ya rasu, matar ɗan wansa, Clodagh, ta sauko daga jirgi da dogayen ledoji a hammata, cike da kayanka. Yarinyar kirki ce, ban ce komai ba. Ta rungume ni ta ce, "Inna, kar ki damu da komai, na bi gida-gida na ce kowa ta bar kofinta a kabad. Ba wanki, ba wahala. A sha a yar."

An sha. An yar. An binne shi ranar Laraba. Ranar Alhamis na tashi na share ɗaki, na ɗora buta, na zauna. Ba wadda ke da kofi a gidana. Wace hujja mace za ta kawo ta ƙwanƙwasa ƙofa? Ta ce ta zo ganin ko ina kuka? Mu nan ba ma yi wa juna haka. Biyu sun leƙo, suka tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu kamar masu tallar inshora, suka juya suka tafi.

Sai na bi tagogi da kan katanga da bayan ɗakin kaji na tattaro abin da iska ta bari. Na ce ai waɗannan ma suna da mai su. Na wanke, na kife, na jera su a saman kabad. Mu a nan ba a jefar da kofin mutum. Ko ku can ana yi?

Na biyu. Kofinka ba shi da mariƙi. A ina kake so a ɗaura zare? Ban ce ka yi da gangan ba. Amma mutum ya zauna ya yi kofi dubu dubbai, duk farare, duk kai ɗaya, ba wajen ɗaura komai, sai ka ce ba ya son a san na waye. Wannan kam sai dai kai ka ba da amsa.

Na uku, kuma a nan yabo ne, don kar ka ce tsohuwar nan ba ta ganin alheri. Kofinka na riƙe zafi. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ya ƙona hannu, ba ya buƙatar faranti, ba ya buƙatar tebur, ba ya buƙatar kujera. Kofin tangaran sai mutum ya zauna, ya ɗora farantin a gwiwa, in ya zauna kuma dole ya yi magana da na kusa da shi ko da ba sa shiri. Naka kuwa, a makokin Manus na ga maza a tsaye a tsakar gida sun ba ƙofa baya. Na ga Dinny Keane, wanda suka yi shekara arba'in a kwalekwale ɗaya da mijina, ya karɓi shayinsa ya ce, "Bari in tafi da shi, kar jirgi ya bar baƙina." Ya tafi da shi kuwa. Ya kai har tashar jirgi shayin bai huce ba. Ya faɗa min da bakinsa, yana mamaki. Allah ya saka maka. A da sai mutum ya shanye kafin ya gudu.

Attracta ta ce wai ta ji a rediyo kusan duk jikin kofin nan iska ce, ɗan abin da ya rage kuma daga man fetur yake. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Ranka ya daɗe, na jinjina maka. A tsibirin nan iska ta ɗauke rufin coci sau biyu a rayuwata. Ta taɓa ɗaukar akuyar Monaghan ta ajiye ta a gonar Keane, aka yi wata guda ana shari'a. Kai kuma ka iya ɗaure iska a leda, ka sa ta a jirgi, ka kawo mana nan, muka saya. Da Manus na da rabin kanka da ba mu tsufa muna cin dankali da kifi ba.

Na huɗu. Kofinka ba ya mutuwa.

Clodagh ta ce ɗari biyu ta kawo. Sittin da huɗu ke hannuna. Sauran kar ka damu, ba su ɓata ba, suna nan tsibirin, muna haɗuwa. Kowace bazara ni da ɗana mukan kwaso ciyawar teku mu shimfiɗa a kunyoyin dankali, don ita ce takinmu tun kakanni. Da, in ka shimfiɗa ta, kafin kaka ta zama ƙasa. Yanzu ita ta zama ƙasa, fararen ƙwayoyin nan naka su zauna a sama suna kallonka. Ba ya ruɓewa, sai dai ya farfashe, ya ƙara farfashewa, ya koma kamar tsakin shinkafa. Na san ba duka na makokin Manus ba ne, teku ma tana kawo mana na wasu garuruwan, mutanen da ba mu san su ba sun sha shayinsu mu muna tsince kofin. Amma ɗaya na gane shi. Shekara bakwai bayan jana'iza na tono shi a kunya ta uku, rabinsa, da shaidar haƙora a bakinsa. Ƙanwar mijina Philomena ce, ita ke tauna bakin kofi in tana jin haushin wani. Philomena ta rasu shekara shida ke nan. Haƙoran nata ma ba nata ba ne, na asibiti ne, an binne ta da su. Cizon yana nan a tagata.

A cikin shekarun nan sha ɗaya allon kabarin Manus ya ruɓe mun sa dutse. Fada biyu, limaman cocinmu, sun zo sun tafi. An rufe makaranta. Gwiwata ta dama ta ƙare aka sa ta ƙarfe. Kofinka da ka yi don shayin minti goma ko gezau. Attracta ta ce wasu na cewa zai kai shekara ɗari biyar, wasu na cewa ba wanda ya sani, don ba a taɓa samun wanda ya jira ya gani ba. Shin me ya hana ka yin rufin gida da shi? Me ya hana ka yin gwiwa?

Kajina ma na gaishe ka. Su a ganinsu hatsi ne. Na yanka wata baƙa da ta daina ƙwai ta bushe tana tsaye, na buɗe ta, cikinta fal da kayanka, fari tas, ko ɗaya bai narke ba. Ashe yunwa ke kashe ta a ƙoshe. Tsuntsayen teku ma haka muke samunsu a bakin ruwa. Ban zo neman kaza a wajenka ba. Na dai ce ka sani, in ka zo ƙirga kayanka aka samu giɓi, wasu suna cikin kaza.

Na biyar, wannan laifina ne, kuma gara ka ji daga bakina. Asali sittin da bakwai ne. Wata shekara raina ya ɓaci, na ce mutumin nan ba zai zo ba, na jefa uku a murhu. Ranka ya daɗe, na ƙona abubuwa da yawa a rayuwata, har da tsohon takalmin roba, ban taɓa ganin hayaƙi irin wannan ba. Baƙi ƙirin, mai maiƙo, da wari kamar an toya taya da sukari. Suka narke suka manne a ƙarfen murhu, har yau suna nan. Fada Tiernan yana wucewa a keke ya ga hayaƙin, ya faɗo ɗakin ba sallama yana cewa, "Gobnait! Kina da rai?" Na ce, "Ina da rai, Fada, zauna." Ya zauna ya sha shayi kofi biyu yana tari. To ka ga, ba zan ce kayanka bai taɓa kawo min baƙo ba. Sau ɗaya ya kawo.

Bayan nan na je wajen mai kwasar shara, Packie, ranar da jirginsa ya zo. Ba don in jefar ba, don in ji ko ya san hanyar gidanka. Ya ce, "Baba Gobnait, wannan ba ya shiga koren bokiti, masu narka roba ba sa karɓarsa, ba nauyi, ga dattin shayi." Na ce, "Wane datti? Ni na wanke su." Ya ce, "Ko kin goge su da man goge azurfa ba sa so. Sa a baƙin bokiti a kai rami a binne." Na ce, "A binne a yi me? Na ga wanda aka binne shekara bakwai, ya fi ni kyan gani." Ya yi dariya ya ce in bar shi ya yi aikinsa. Wato wuta ba ta so, ƙasa ba ta so, teku ta dawo mana da shi, Packie ba ya so. Kai da ka haife shi fa?

Na shida. Attracta, gyara zama, wannan shi ne maganar.

Watan jiya likita ya saurari ƙirjina ya daɗe, sannan ya fara tambayata labarin tumaki. Na haifi 'ya'ya, na binne mutane, na san abin da ake nufi in likita ya koma maganar tumaki. Ban damu ba. An riga an sassaƙa sunana a dutsen Manus, shekara kawai za a ƙara.

Amma ina da ɗa a gidan nan, Colman. Shekararsa hamsin da tara. Sauran suna Boston da Leeds, suna kira ranar Kirsimeti. Colman bai yi aure ba. Ba abin da ke damun kansa, ya fi kowa sanin tumaki da yanayin ruwa, shi ke gyara injin kowa a tsibirin nan. Magana ce dai ba ta zo masa da sauƙi ba, tun yana ƙarami. Ba zai taɓa zuwa ƙofar wani haka kawai ba, ko da gidan na ci da wuta sai dai ya kashe wutar ya dawo. Amma in mutum ya shigo ya zauna, Colman zai ɗora buta. Kofi na farko ba zai ce komai ba. A na biyu zai ce, "Iska za ta juya gobe." In mutum ya yi haƙuri ya kai na uku, zai ji abin da bai taɓa zato ba, har dariya. Ni kaɗai nake kai wa na uku yanzu.

Ranar Lahadi bayan coci aka tsegunta min cewa Clodagh ta riga ta sayi katan biyu na kayanka ta ajiye a ƙarƙashin matakalarta, an yi rangwame ne wai. Ban ji haushi ba. Yarinya ce mai tanadi, kuma ba ta so a wahala. Na ce mata a fito da na tangaran, ta dafa hannuna ta ce, "Inna, wa zai wanke? Duk kun tsufa." Gaskiya ta faɗa. Rabin kofunan ma jikoki sun tafi da su birni, wai ana shuka fure a ciki.

To ka gani, ranka ya daɗe. Za a sha a yar. Za a binne ni, a ce ranar Laraba. Ranar Alhamis Colman zai tashi ya share ɗaki, don na koya masa, ya ɗora buta, ya zauna. Ni na san wannan Alhamis ɗin, na yi ta. Ni ina da baki, na fita na nemi mutane daga baya. Shi fa?

Shi ya sa na ce a rubuta maka. Kofunan naka ne, kai ya kamata ka zo. Jirgi na zuwa Talata da Juma'a in ruwa ya yarda. In ka sauka ka bi hanya ɗaya tilo har ta ƙare. Ba sai ka kawo komai ba. Ka zauna, ka sha uku, ka ɗauki kofi ɗaya, ka ce hannunka a cike yake. Kai kam ma ba ƙarya za ka yi ba.

Amma tunda shekara sha ɗaya ba ka samu sarari ba, ina sanar da kai cikin girmamawa abin da zan yi, don kar ka ce an taɓa maka kaya ba izini. Na ba ka zuwa jirgin Juma'ar ƙarshen wata. In ba ka sauko ba, zan ɗauki allurar ɗinkin buhu in huda kowane kofi a baki in zura zare. Na gwada a kan guda, ka yafe ni, yana hudawa kamar cuku. Gida tara suka rage da hayaƙi a tsibirin nan ban da namu. Attracta ta yi lissafi, kowane gida bakwai. Ja bakwai, shuɗi bakwai, koren Monaghan bakwai, koren Keane bakwai, su je su ƙarata. Ranar makokina, in an gama shan na Clodagh an yar, Attracta za ta miƙe ta buɗe kabad ta ce, "Mata, kuna da kofuna a gidan nan."

Da na faɗa mata ta ajiye alƙalami ta ce, "Gobnait, kin haukace? Wa zai taka har ƙarshen tsibiri ya ɗauki shara?" Na ce, "Ke, 'yar gidan waya, kofin Bernadette mai tsaga da ta zo wa sau biyar, zinariya ne?" Ta sake ɗaukar alƙalamin. Na ce, "Akwai macen da za ta ga zaren gidanta a kabad ɗin wani ta bar shi?" Ta ce, "Ni dai ba na son shuɗin nan mai haske, in za ki sa min ki sa mai duhu, shi ne na uwata." Ta kawo da kanta jiya. In kowa ta bi ƙa'ida, ɗaya-ɗaya, mako-mako, za su kai Colman hunturu biyu. Bayan nan wataƙila sun saba da hanyar. Kuma ba wanda zai fashe a aljihu, ba wanda zai ruɓe kafin a zo ɗauka. Wannan kam na gode maka ƙwarai, ba wanda ya kai ka iya yin abin da ke jira.

Tara sau bakwai sittin da uku. Saura ɗaya. Shi ba zan huda shi ba, ba zan sa masa zaren kowa ba. Naka ne. Na nuna wa Colman inda yake, saman kabad ta hagu, a kife. Na ce masa akwai wani mutum da zai zo ɗauka, in ya zo a ba shi kujerar babansa. Colman ya dube shi ya daɗe, ya ce, "Yana shan sukari?" Na ce ban sani ba. In ka samu dama ka aiko mana da amsa.

Ba na so in matsa maka, ranka ya daɗe. Kofin ba ya sauri, an ce yana da shekara ɗari biyar a gaba. Colman ne dai ba shi da su.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara kasuwa, ya ba ka masu zuwa ɗaukar kofi a gidanka ranar da ka bari.

Taka mai biyayya, mai riƙon amanar kayanka har ƙarshen wata,

X
Gobnait Lavelle, da hannunta ta sa wannan alamar
Gida na ƙarshe kafin maƙabarta, Inishdarra